An bar jaki ana dukan taiki: Yadda ake gano ainihin matsalar caji a tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal

Akwai wata ɗabi'a da ke tona asirin direban tsohuwar a-kori-kura tun kafin ya buɗe baki ya yi ƙorafi. Idan ya iso kasuwa, maimakon ya nemi inuwa, gangara yake nema. Zai yi ta kewaye har sai ya samu wurin da hancin motar zai kalli ƙasa, sannan ya kashe injin, yaron mota ya yi maza ya kafa dutse a gaban taya. Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka tsabar taka-tsantsan ne. Wanda ya san kan mota kuwa ya riga ya gane cewa an daina amincewa da batir, ana tanadin turi ne.

Na san wannan ɗabi'a a jikin motar kawuna, wata a-kori-kura ƙirar Japan mai shan dizal, wadda ta girmi direbanta da 'yan shekaru. Aikinta ɗauko lemu daga Jihar Binuwai, ta biyo ta Lafiya da Akwanga da Keffi, ta sauke a kasuwar kayan marmari ta Zuba. Cikin wata 14 an saya mata batir har guda uku. Duk lokacin da aka mayar wa mai sayarwa da tsohon, sai ya gwada ya ce wannan ya mutu, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da babu wanda ya tsaya ya tambaya shi ne, mene ne yake kashe su? Tun bayan da darajar Naira ta faɗi a shekarar 2023, kayan mota da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, babban batir irin na dizal ya zama abin da ke iya lamushe ribar sawu da dama.

Ranar da tura ta kai bango da dare ne, bayan sun wuce Akwanga. Direban ya fara lura fitilun gaba suna yin ja kamar aci-bal-bal, ya taka totur ko za su farfaɗo, ba su farfaɗo ba. Can sai injin ya ɗauke cak, babu tari babu gargaɗi, kamar an murɗa makulli. Suka kwana a gefen titi da lodin lemu, babu ko ɗan hasken da za a nuna wa motocin da ke tahowa daga baya. Duk mai bin manyan hanyoyin ƙasar nan da dare ya san cewa a irin wannan tsayuwa, lalacewar kaya ita ce ƙaramar fargaba.

Injin da ke ɓoye ciwonsa

Motar fetur ba ta iya ɓoye matsalar caji na dogon lokaci, domin kowace fashewar mai a cikin injinta tana buƙatar tartsatsin filogi, shi kuma tartsatsi wuta yake ci. Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya tabbatar da aikinsa a 1897, ba ya amfani da tartsatsi ko kaɗan. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa da zarar an fesa shi. A tsofaffin injina irin su 2L da 3L da 5L na Toyota Hilux, ko 4D56 na Mitsubishi L200, ana matse iskar ninki 21 zuwa 22, alhali a yawancin injinan fetur na zamaninsu matsin bai wuce ninki 9 ko 10 ba. Famfon injektarsu kuma, in ban da na wasu da aka ƙera daga baya, ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a cikinsa.

Saboda haka, da zarar irin wannan injin ya tashi, wutar da yake buƙata domin ya ci gaba da aiki 'yar ƙanƙanuwa ce. Akwai wani ɗan makunni mai maganaɗisu a kan famfon injekta, wanda ke buɗe wa mai hanya muddin wuta na isa gare shi. Shi kaɗai ne injin ke ciyarwa. Altaneto, wato na'urar da ke samar wa mota wuta idan injin na juyawa, yana iya mutuwa da safe, motar ta yini tana aiki a kan abin da ya rage a batir, direba bai san wainar da ake toyawa ba. Sai magariba ta yi an kunna fitilu, wataƙila ga ruwan sama an kunna waifa, sai ragowar ta zube cikin 'yan sa'o'i. Idan wutar ta yi ƙasa har ta kasa riƙe wancan makunni, sai ya rufe, mai ya yanke, injin ya mutu. Abin da ya faru bayan Akwanga ke nan.

Dizal dai ba ya cin wuta a tafiya, amma a wurin tashi mai haɗama ne. Hitoci huɗun da ke ɗumama injin kafin a tayar, kowace na jan amfiya 10 ko fiye, kik kuma na buƙatar ɗaruruwan amfiya kafin ya juya injin mai irin wancan matsi. Shi ya sa batirin da zai tayar da ƙaramar motar fetur ba tare da wahala ba yakan gaza a nan, musamman da asubahin hunturu. Da yake a wurin tashi ake ganin gazawar, sai laifin ya faɗa kan batir, domin shi ne a gaban ido.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a ɗauki batir a matsayin randa. Randa ba ta haifar da ruwa, ajiya kawai take yi. Altaneto shi ne rijiya, bel ɗin da ke juya shi shi ne igiyar guga, wayoyi kuma su ne hanyar da ruwan ke bi ya isa gida. Idan aka wayi gari randa ba ruwa, mai yiwuwa ta tsage, amma mai yiwuwa igiya ce ta saki, ko ruwan na tsiyayewa a hanya, ko kuma wani na ɗiba da dare. Kafin a sayi randa ta huɗu, ya kamata a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da mita ke faɗa

Kayan aikin da wannan bincike ke buƙata shi ne ƙaramar mitar gwajin wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke amfani da ita, wadda kuɗinta ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin batir. A juya ta zuwa ɓangaren DC, a kan lamba 20, a ɗora jar wayarta a kan batir ta gefen alamar tarawa, baƙar kuma ta gefen alamar ɗebewa.

Gwajin farko da safe ake yinsa, bayan mota ta kwana, kafin a taɓa makulli. Batirin mota ɗakuna shida gare shi, kowane ɗaki na ba da bolt 2.1, don haka cikakken batir zai nuna 12.6 ko kusa da haka. Idan ya nuna 12.4, kimanin kashi uku cikin huɗu ya rage. Idan 12.2 ne, rabi. Ƙasa da 12 kuwa randa ta kusa ƙafewa. Batirin da ya tsaya a wajen 10.5 ko bayan an yi masa caji, alama ce ɗaki guda ya mutu, kuma wannan ba shi da magani. Daga nan sai wani ya murɗa makulli, ido na kan mita: yayin da kik ke juya injin, bai kamata lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 ba.

A nan akwai abin da mutane ke yawan tsallakewa. Batirin da ya yi ƙasa sosai, a fara kai shi wurin masu caji ya kwana a kan na'ura a hankali, sannan a dawo a ci gaba da bincike. Altaneton waɗannan motoci, wanda da yawansu ba su wuce amfiya 50 zuwa 70 ba, an ƙera shi ne ya mayar da abin da kik ya ɗiba, ya kuma ciyar da fitilu. Ɗora masa aikin cika batirin da ya ƙafe ƙarƙaf yana sa shi zafin da ke rage masa kwana, sannan yana rikita sakamakon gwaji.

Gwaji na biyu, injin na aiki. A ɗaga totur kaɗan, kamar juyi 2,000 a minti ɗaya. Lafiyayyen caji zai nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Sai a kunna dogayen fitilu da fanka da duk wani abu mai cin wuta, a sake dubawa; ya ɗan sauka ba laifi, amma kada ya yi nisa ƙasa da 13.5. Idan lambar ta tsaya a sha biyu da ɗoriya, kamar yadda take kafin a tayar, to babu abin da ke shiga randa. Idan kuma ta haura 15, matsalar ta juya: caji ya yi yawa, ruwan batir zai riƙa tafasa yana ƙafewa, a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila su riƙa ƙonewa a kai a kai. Wannan aikin regileta ne, na'urar da ke tsare iyakar wutar, ko kuma wayar da ke kai mata labari.

To, a daidai nan ne ake sake dukan taiki a karo na biyu. Da an ga caji bai isa ba, sai a ce altaneto ya mutu, a kwance shi, a nufi kasuwa. Mitar da ke kan batir ta faɗi abin da ya iso ne kawai, ba ta faɗi abin da aka aiko ba.

Bel da alaƙarsa da birki

Kafin a ɗauki sifana, a duba bel, injin a kashe. A danna tsakiyarsa da babban yatsa da ƙarfi. Ya kamata ya lotsa kimanin santimita ɗaya. A duba gefensa: idan ya yi sheƙi kamar an goge shi, ko ya nutse har ƙasan fuli, to zamewa yake yi ko da an ɗaure shi tamau. Ƙarar tsuwwa da safe, ko lokacin da aka kunna fitilu, ita ma shaida ce. Sai dai a kula, ɗaurin da ya wuce kima yana cinye boris ɗin altaneto da na famfon ruwa, a gudu daga wata asara a faɗa wata.

Wannan bel ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci, kuma a ganina wannan ne abin da ya fi dacewa kowane direban irin wannan mota ya sani. Birkin mota yana samun taimako daga zuƙar iska, wadda ke sa feda ta yi laushi a ƙafa. Injin fetur yana samar da wannan zuƙa da kansa. Injin dizal ba ya samarwa, don haka aka yi masa wani ɗan famfo na musamman, kuma a injina irin su 2L da 3L da 5L, da tsohon 4D56, da 4JA1 na Isuzu, da TD27 na Nissan, a bayan altaneto aka manna famfon, sandar altaneton ce ke juya shi. Ma'ana, idan bel ya tsinke a tafiya, caji ya tsaya, famfon birki ya tsaya, a mafi yawansu famfon ruwa ma ya tsaya. Taku biyu ko uku na farko birki zai kama yadda aka saba, daga nan feda ta yi tauri kamar dutse, sai an hau ta da dukkan ƙarfi. A yi tunanin haka da lodi a gangaren da ke tsakanin Lafiya da Akwanga.

Shi ya sa jar fitilar nan mai hoton batir da ke kan dashbod ba abar wasa ba ce. Idan ta kama ana cikin tafiya, a sauko da giya, a nemi wuri a tsaya, a buɗe bonet a ga ko bel na nan. A yawancin tsofaffin motocin Toyota ma, idan caji ya yanke, fitilar birki da ta matatar mai sukan kama tare da ita a lokaci guda, abin da ke ruɗa direba ya ɗauka abubuwa da yawa ne suka lalace, alhali tushen ɗaya ne.

Ita kanta fitilar tana buƙatar gwaji. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar, wajibi ne ta kama. Injin na tashi ta mutu. Idan ba ta kamawa sam, ko dai ƙwan ya ƙone, ko fis ya tsinke, ko kuma wani ya cire ƙwan da gangan domin ya sayar da motar cikin rufin asiri. A wasu nau'o'in altaneto, ta cikin wannan ɗan ƙwai ne wutar farko ke bi ta tayar da maganaɗisun da caji ke farawa da shi. Idan ƙwan ya mutu, caji ba zai fara ba sai an banka totur sosai, wani lokaci ma ba zai fara ba gaba ɗaya. Altaneto masu lafiya da dama sun tafi kasuwar 'yan gwangwan saboda ƙwan da bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Inda wutar ke zubewa a hanya

Motar da ta shekara 25 ko 30 tana aiki, wayoyinta sun sha zafin injin, sun sha ƙurar hunturu, sun sha ruwan damina, sun kuma sha hannun masu wayarin iri-iri, kowa da irin nasa ƙulli. Abin da ke sa matsalar waya wuyar ganewa shi ne ido ba ya ganinta. Tururin ruwan batir yakan bi ta ƙarƙashin robar waya ya cinye jan ƙarfen da ke ciki, ya mayar da shi kore kamar gansakuka, daga waje kuwa lafiya lau. Gwajin da wasu ke yi na sa mita ta yi ƙara domin a ga ko wayar a haɗe take, yaudara ce: ko zare ɗaya ya rage cikin hamsin mitar za ta yi ƙara, amma zare ɗaya ba zai ɗauki amfiya 40 ba.

Gwajin da ke kama ɓarawon shi ne auna abin da ke ɓacewa tsakanin wuri biyu yayin da wuta ke gudana. Injin na aiki, fitilu a kunne, a ɗora jar wayar mita a kan babban notin da kakkaurar waya ke fita daga jikin altaneto, wanda ake yi wa alamar B, baƙar kuma a kan batir ta gefen tarawa. A kan dalmar batir ɗin kanta za a ɗora, ba a kan maɗaurin da ya kewaye ta ba, domin tsakanin su biyun ma wuta na iya ɓacewa. Lambar da mita ta nuna ita ce asarar hanya. Lafiyayyar waya ba za ta wuce 0.3 ba, in ta yi yawa 0.5. Daga nan a gwada ɗaya ɓangaren: tsakanin jikin ƙarfen altaneto da batir ta gefen ɗebewa. Wannan ita ce hanyar komawar wuta, wadda masu wayarin ke kira at, kuma bai kamata asararta ta wuce 0.2 ba. Idan ta wuce, a nemi kakkaurar wayar da ta haɗa injin da shasi da batir, a kwance ta, a kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fari, a mayar a ɗaure. Sau da yawa bayan an sauke injin an yi masa aiki, wannan wayar ce ake mantawa ko a ɗaure ta sama-sama.

Idan asarar ta yi yawa, sai a riƙa matsar da wayar mita mahaɗa bayan mahaɗa har a iso inda lambar ta yi tsalle. Hannu ma na taimakawa: mahaɗar da ta lalace takan yi zafi bayan 'yan mintoci ana caji.

Kusa da batir akwai wata 'yar siririyar waya ta musamman, ko babban fis, da aka sa domin ta ƙone ta ceci sauran wayoyi idan wuta ta haɗu. Idan ta ƙone a hanya, akan murɗa kowace irin wayar jan ƙarfe a maye gurbinta domin a isa gida, daga nan a manta har abada. Wannan ƙulli yakan zama mazubar wuta, kuma ranar da wuta ta sake haɗuwa babu abin da zai tsinke, sai dai motar ta kama.

Sai kuma ƙaramin soket ɗin da ke jikin altaneto. A nau'in da aka fi samu a motocin Toyota wayoyi uku ne: IG mai kawo wuta idan an murɗa makulli, L ta fitilar dashbod, da S wadda ke kai wa regileta labarin ƙarfin wutar da ke kan batir. Idan IG ba ta kawo komai ba saboda fis, altaneto ba zai farka ba. Idan S ta yi tsatsa, regileta za ta ɗauka batir na jin yunwa ta yi ta ɗura masa har ya tafasa.

Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa, ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki yana wanke shi, domin kanwa na kashe kaifin asid. A dai tabbatar murafen ɗakunan a rufe suke, kada ko ɗigo ya shiga ciki. Idan ruwan batir ya yi ƙasa, tataccen ruwan da ake sayarwa domin haka za a ƙara, ba asid ba, ba kuma ruwan leda ba.

Idan da gaske altaneton ne

Sai bayan bel da fitila da wayoyi sun kuɓuta ake da hujjar kwance altaneto, kuma ko a nan ba lallai ne a sayi wani ba. Abin da ya fi saurin ƙarewa a cikinsa shi ne buroshi biyu na gawayi da ke gogar zoben jan ƙarfe. Idan sun gajarce, caji zai riƙa zuwa yana ɗaukewa, fitilar dashbod na ƙiftawa a gargada. Canza su aiki ne mai sauƙi. A irin altaneton nan mai famfon birki a bayansa akwai ƙarin wata cuta: baƙin mai na injin ne ke shafa famfon, kuma idan robar da ke tare man ta tsufa, sai ya tsiyayo cikin altaneto, ya haɗu da ƙura ya zama kwaɓi, ya liƙe buroshin. Duk wanda ya canza buroshi bai canza wannan roba ba, zai dawo nan da 'yan watanni.

Akwai kuma dayod, ƙananan ƙofofin da ke barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai. Idan ɗaya ya lalace, ƙarfin altaneto na raguwa sosai ko da mita na nuna lambar da ta yi kama da daidai idan babu lodi. Ana gane shi ta juya mita zuwa ɓangaren AC a auna a jikin altaneto injin na aiki. Abin da ya haura 0.5 abin zargi ne, ko da yake wasu mitoci masu araha sukan ba da lambar banza a wannan gwaji. Dayod ɗin da ya huje kuma yakan bar wuta ta riƙa komawa baya idan an kashe mota. Shi ne ɓarawon dare: a kwanta da cikakken batir, a tashi babu komai. Domin kama shi, a kashe komai, a cire kan batir na ɗebewa, a saka mita a tsakani a ɓangaren amfiya. Tsohuwar mota da ba ta da kwamfuta bai kamata ta ja fiye da amfiya 0.05 tana barci ba. Idan ta fi haka, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya. In duk an zare lambar ba ta faɗi ba, a cire kakkaurar wayar altaneto a gani. Sau da yawa ma ɓarawon na gida ne: rediyo, ko cajar waya, ko ƙarin fitilun da aka jona kai-tsaye daga batir.

Me ke kashe dayod? Mafi yawa hannun mutane. Na farko shi ne gwajin nan da ya zama ruwan dare a garejinmu, na cire kan batir injin na aiki a ga ko zai mutu. Gadon zamanin tsohon dainamo ne. Batir shi ke shanye hauhawar wuta. Idan aka cire shi ana cikin caji, wutar na iya yin tsallen da ya ninka ƙa'ida sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta ƙone dayod ko regileta. A injin dizal ma gwajin ba ya nuna komai na kirki, tunda altaneton da ya kusa mutuwa zai iya riƙe wancan ɗan makunnin mai. Duk mai motar da ya ga an kai hannu za a yi masa wannan gwaji, yana da 'yancin ya ce a dakata. Na biyu shi ne walda. A-kori-kura ba ta rabuwa da masu walda, yau ƙarfen ɗaure kaya, gobe sifirin, kuma ba kowa ke cire batir da wayar altaneto kafin a fara ba. Na uku shi ne juya kan waya wajen aron wuta daga wata mota, ko aro daga babbar mota mai bolt 24.

Wannan batu na bolt 24 ya shafi saye ma. A kasuwannin kayan mota, ko Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, altaneton ƙananan motocin ɗaukar kaya masu bolt 24 yakan yi kama da na a-kori-kura kamar an tsaga kara. A karanta tambarin da ke jikinsa, a je da tsohon a gwada fuli da soket da mazaunin noti. Ra'ayina shi ne, asalin altaneton mota da aka canza wa buroshi da boris da roba a hannun gwani ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, ya kuma fi ɗan Beljiyam da ba a gwada a gaban mai saye ba.

Duk wannan aiki ana yinsa ne kusa da fanka mai juyawa da batir mai fitar da iskar haidurojin, wadda ke kamawa da ɗan tartsatsi. A cire zobe da agogon ƙarfe, a naɗe hannun riga, a ajiye babbar riga a kujera, a kashe taba. Wajen kwance batir a fara da gefen ɗebewa, wajen mayarwa a ƙare da shi.

Motar kawuna ta iso Abuja washegari da batirin aro. A Apo muka samu wani dattijon mai wayarin, wanda bai yarda a sauke komai ba sai da ya ɗauko mitarsa. Fitilu a kunne, a jikin altaneto ya samu 14.3, a kan batir 12.7. Ya bi kakkaurar wayar da yatsunsa, bai yi nisa ba ya janye hannu saboda zafi. Da ya warware baƙin tef ɗin da ke wurin, sai ga wani tsohon ƙulli da aka yi da hannu, rabinsa kore rabinsa toka, zare kaɗan ne suka rage a haɗe. Ya kuma nuna mana yadda wani ya taɓa yanke wayar S ya manna ta a kan notin B, ta yadda regileta ke jin wutar bakin altaneto ta ɗauka komai lafiya, fitilar dashbod ma ba ta da dalilin kamawa. Batura ukun nan ba su taɓa ƙoshi ba tun ranar da aka ɗaura su, kuma batirin da ya daɗe cikin yunwa farantansa kan daskare har ya daina karɓar caji.

Ya sa sabuwar waya mai kauri da kawuna na jan ƙarfe da aka matse, ya mayar da S mazauninta, ya kankare at. Mita ta nuna 14.1 a kan batir. Batir na uku, wanda aka riga aka yi wa ciniki da masu sayen matattu, ya kwana biyu a wurin caji ya dawo bakin aiki, ko da yake dattijon ya gargaɗi kawu cewa ya riga ya jigata, kada ya sa ran zai kai hunturu biyu. Direban kuwa ya ɗauki kusan wata guda kafin ya daina neman gangara a Zuba.